Hoton da Hannu Zai Riƙe

Wayata ta faɗa ruwan Dadin Kowa wata Laraba,
ina sunkuye ina duba kofaton saniya.
Tsulum! Shi ke nan.
Hotuna dubu biyu suka bi kifi,
har da na ƙarshe da na ɗauki Baffa Gidado
da buta a hannu, yana dariya da sauran haƙoransa.
Kafin kaka ta shigo mun kai shi makwanci.

Goggo Dudu ba ta yi mini jaje ba.
Cewa ta yi, "Fuskar da sai an yi mata caji kafin a gan ta,
zanen aro ce, ɗan nan,
ba ta rufe katara.
Hoto shi ne wanda ke kwana a ƙasan akwati."

Da albashi ya shigo na nufi Sabon Layi,
shagon Manu, mai fanka ɗaya da baki goma.
Ya jere mini firinta biyu a kan gilashi.

Ta farko ba ta fi sabulun wanki ba,
aljihun gaban riga ya ishe ta ɗaki.
Ba ta shan tawada, in ji shi,
zafi ke tono launi daga jikin takarda.
Muka gwada da yaron shagonsa.
Hoton ya fito kamar katin asibiti,
yaron kuma kamar mai fama da shawara.
Na tuna idon Goggo, da yana ta fara ci:
sai ta kai wannan bakin hanci kafin ta san ko waye.

Ta biyu ta kai ƙaramar rediyo,
tana da nauyi, tana son wuta,
batirinta kuwa kuɗinsa daban.
Na ce, "Manu, ni mutumin babur ne,
yau Bajoga, gobe Nafaɗa, jibi rugar da ba ta da suna.
Ga akwatin allurar shanu, ga rigar ruwa,
ina zan ɗora ta?"
Ya ce, "Inda kake ɗora kajin da ake ba ka."

Na yi dariya, amma ban saki lissafi ba.
Sayen akuya ba shi ne wuya ba, dusa ce.
Nawa takarda? In ta ƙare, a nan Gombe ake samu,
ko sai an jira motar Kano?
Ruwa na ɓata hoton? Ya tsoma yatsa a shayinsa,
ya goga a kai. Ko gezau.
Sai da aka kira la'asar muna ciniki.
Na fito da babbar, aljihu wayam.

Ranar Asabar na naɗe ta a tawul
na kama hanyar Dukku, ina kauce wa ramuka
kamar mai goyon jinjiri.

A can Hammayo, ɗan ƙanwata, ya matso da wayarsa mai tsagaggen gilashi.
"Kawu, ka manta ka taɓa turo mini wannan?"
Buta. Dariya. Sauran haƙora.

Na ɗora firinta a kan turmin da aka kife.
Takarda ta shiga ta fito rawaya, inuwa kawai.
Ta koma, ta fito da ja, sai ga kunci.
Ta koma, shuɗi ya sauka, sai ga hular nan tasa.
A karo na huɗu ta shafa masa sheƙi,
ta miƙo shi da ɗuminsa.
Yara suka yi tsit, har kaji.

Goggo ta goge hannu a zane sau biyu kafin ta karɓa.
Ta daɗe.
Can ta ce, "Butata ce wannan.
Shekara guda ina nemanta."

Ba ta kai shi akwati ba a daren nan.
Da na leƙa da asuba zan yi sallama,
yana jingine da fitila,
ta juya shi yana kallon ƙofa.